Tarihin Kayan da Ake Maye Gurbin Ƙasusuwan Kunne da Su, da Darasinsa ga Birnin Gwari

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin kayan da likitoci suka gwada wajen gyara tsakiyar kunne. A bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku, wato guduma da maƙera da likkafa, waɗanda ke miƙa sauti zuwa can ciki. Idan kunne ya daɗe yana zubar da mugunya, maƙera ce ta fi saurin zaizayewa, sai ji ya ragu.

Matakan Gwaji

A farkon shekarun 1950 ne Wullstein da Zöllner suka aza harsashin wannan tiyata a Jamus. A 1956 John Shea na Amurka ya maye gurbin likkafa da robar Teflon, aka kuwa dace. Amma da aka jingina roba kai tsaye ga dodon kunne, sai jiki ya riƙa turo ta waje. A 1957 Hall da Rytzner suka nuna cewa ana iya sake dasa wa majinyaci ƙashin kunnensa. Daga 1966 aka shiga amfani da ƙasusuwan mamata, har tsoron cutar ƙanjamau da wata cutar ƙwaƙwalwa ya sa aka ja da baya a shekarun 1980. Robar Plastipore ta 1976 ita ma ta gamu da matsalar turowa. A 1981 Grote na ƙasar Holan ya kawo haidiroksi'afatayit, sinadarin da ƙashi kansa ya ƙunsa, wanda jiki ke karɓa, sai dai yana da wuyar sassaƙawa. A 1993 aka fara amfani da ƙarfen titaniyam a Jamus, mai ƙarfi, marar nauyi, amma akan shimfiɗa guringuntsi tsakaninsa da dodon kunne.

Darasi ga Birnin Gwari

Majinyacin Tsohon Birnin Gwari sai ya ratsa daji zuwa Kaduna, inda aka kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a 1999, kafin ya ga ƙwararre. Komawa sau da yawa ba ƙaramin nauyi ba ne ga manomi. Titaniyam daga waje ake sayo shi, ƙashin majinyaci da guringuntsinsa kuwa ba a saye, kuma da wuya jiki ya ture su, muddin cutar ba ta ci su ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa lafiyar kunnen da za a yi wa dashe ta fi nau'in abin dasawa tasiri. Kunnen da ke zuba ba ya riƙe roba ko ƙarfe. Saboda haka, malamin firamare da ya lura da ɗalibi mai zubar kunne, ya kuma sa iyaye su kai shi asibiti da wuri, ya ceci ƙasusuwan da har yau ba a ƙera kamarsu ba.