Yadi da metir: giɓin da ke cinye hannun riga

Jama'a, mu nan Diffa da awo iri biyu muke zaune. Kayan da ke ƙetaro Komadugu daga Maiduguri ko Damasak, da yadi da inci da ƙafa suke zuwa, gadon Ingila ke nan. Takardunmu na Nijar kuwa metir suka sani, gadon Faransa. Ita ma Najeriya ta koma metir a hukumance tun shekarun 1970, sai dai kasuwa ba ta bi ba.

Yadi bai kai metir ba. Metir santimetir 100 ne, yadi kuwa 91,44, kamar yadda aka tsaida shi tun 1959. A yadi guda giɓin bai taka kara ya karya ba, sai an tara ake jin shi. Tela ya ce a kawo shadda metir 5, ɗan'uwa a Kano ya aiko yadi 5 da zuciya ɗaya. Abin da ya iso metir 4,57 ne, wato kusan kamu guda babu. Ga salla ta matso, sai a hau zargin tela ya yanke, alhali bawan Allah bai taɓa komai ba. Da yadi 5 da rabi aka sayo, da ya isa.

Abin riƙewa a ka: yadi 11 shi ne metir 10. Turmin atamfa mai yadi 6 kuwa metir 5 da rabi ne, saura kaɗan. Haka ma kuɗi: in metir jika guda ne, yadin wannan ƙyallen bai kamata ya wuce sefa 915 ba.

Manoman tattasai, inci guda santimetir 2,54 ne. Tiyo mai inci 3 santimetir 7,62 ke nan, mai inci 2 kuma 5 da ɗan kai.

Ƴan'uwa na waje masu aiko kuɗin fili, ku ne abin ya fi shafa. Ƙafa guda santimetir 30,48 ce. Filin da ake kira "hamsin da ɗari" a Najeriya da ƙafa aka auna shi, wajen metir 15 da metir 30. Wanda ya ɗauka metir ake nufi, ya yi tsammanin filin da ya ninka wannan fiye da sau 10. Kafin a biya, a tambaya: hamsin ɗin me? A kuma duba tef ɗin mai awo, don galibi fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimetir.