3.2 Yusef Lateef da Zamansa a Zariya

An haifi William Emanuel Huddleston a garin Chattanooga na ƙasar Amurka a shekarar 1920, amma a birnin Detroit ya tashi, inda ya koyi busa ƙahon saksofon. Bayan ya musulunta ne ya sauya sunansa zuwa Yusef Lateef. A shekarar 1949 ya yi aiki a ƙungiyar Dizzy Gillespie.

Abin lura a nan shi ne, duk da cewa da kiɗan jaz aka san shi, shi kansa ya ƙi wannan suna, don yana ganin akwai ƙasƙanci a cikinsa. Tun a faifansa mai suna Eastern Sounds na 1961 ya nuna cewa kunnensa ya karkata ga kiɗan wasu al'ummomi. Wannan neman ne ya kawo shi Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ya zauna daga 1981 zuwa 1985 a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, yana bincike a kan sarewar Fulani. Ba ƙaramin abu ba ne mabushin da ya riga ya yi suna ya dawo ɗalibin makiyaya. Ya rasu a jihar Massachusetts a watan Disamba, 2013.