Harawa da Tanadin Rani: Darasi Daga Tarihi

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa a kara a Legas ko Ibadan ana gab da Babbar Sallah, ya ga manyan motoci na sauke damman harawa daga Arewa. Mai saye yakan yi ƙorafin tsada, amma ba kowa ke tunanin tarihin da ke ɗaure cikin wannan dami ba.

Ita dai ciyawa a ko'ina tana da lokacin da takan daina tsiro. A ƙasar Turai sanyi ne ke tsayar da ita. A Ingila ta da, manomi kan yanki ciyawa lokacin zafi, ya shanya, ya tara, amma sau da yawa ba ta isa. Saboda haka idan Nuwamba ta kama, wajen ranar 11 ga wata, sai a yanka shanun da ba za a iya ci da su ba, a zuba wa naman gishiri a ajiye. Sai a ƙarni na 18 abin ya sauya, lokacin da manoma irin su Charles Townshend, wanda ya bar siyasa a 1730 ya koma gonarsa a Norfolk, suka yaɗa noman wata saiwa mai kama da gwaza, da wani ganye dangin wake, musamman domin dabbobi. Daga nan garke ya fara tsallake hunturu da ƙibarsa.

Mu kuwa namu hunturun yunwar shi ne rani. Kakanninmu ba su jira kowa ya koya musu ba. Da kaka ta yi, sai a tuge wake da gyaɗa, a ɗaure harawa tun ganyen bai kakkaɓe ba, a ɗora a kan rumfa ko soro ko a tsakanin rassan itace, inda gara da awaki ba za su kai ba. A haɗa da karan dawa da dusa da kowar wake. Ga kuma gawo, itacen da ke fid da ganye da 'ya'ya da rani. Su kuma Fulani sukan ci karmami a gonaki, su bar taki, sannan su gangara fadamu.

Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, harawarta ma ta yawaita. Fataucin shanu zuwa Kurmi ya ƙaru, har aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916. Hukuma ma ta taɓa nata: an buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya a 1928, an yi dokar keɓe makiyaya a Jihar Arewa a 1965. Duk da haka farin 1973 da na 1984 sun karkashe shanu ba adadi. A shekarun 1980 an gwada killace fili kamar eka 10 a yankin Kachiya, a shuka ganye mai gina jiki, a ajiye wa shanun tatsa sai rani.

To, 'yan uwa, ina muka kwana? Gonaki sun cinye burtali da yawa. Jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, Legas ta bi sahu a 2021. Ke nan wanda ke neman abinci da dabba a nan Kudu, dole abincinta ya zo mata har turke. Me zai hana ƙungiyoyinmu su haɗa kuɗi su sayi harawa da kaka tana araha, su gina rumbun da ruwa ba ya shiga, maimakon jiran tsadar Sallah?

Da ma an ce da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya ba mu ikon tanadi, Ya albarkaci dukiyarmu, amin.