Iyo da nutso a tsibiran Maldives

Iyo da nutso a tsibiran Maldives suna daga cikin manyan abubuwan da ke kawo masu yawon buɗe ido ƙasar Maldives, wadda ke cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Sri Lanka. Hanyoyi biyu ne aka fi bi wajen kallon halittun ƙarƙashin teku a can. Ta farko ita ce iyon bututu, inda mutum ke kwanciya a saman ruwa fuskarsa na ciki, yana numfashi ta wani gajeren bututu da bakinsa ke sama da ruwa. Ta biyu ita ce nutson sikuba, inda mutum ke sauka ƙasa da tulun iska goye a bayansa. Ƙasar ta yi suna saboda ruwanta garai-garai, da duwatsun murjani, da manyan kifaye irin su manta da shak. Yawon buɗe ido shi ne babbar hanyar samun kuɗin shigarta, don haka lafiyar murjanin tana da alaƙa kai tsaye da abincin jama'arta.

Yanayin ƙasa da teku

Maldives tana da tsibirai kimanin 1,190, waɗanda suka kasu zuwa rukunai 26 masu siffar zobe. Kowane zobe ana kiran sa atol, kalmar da sauran harsunan duniya suka aro daga Dhivehi, harshen mutanen ƙasar. Jerin zobban ya miƙe daga arewa zuwa kudu fiye da kilomita 800, amma faɗin ƙasar tudu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 300 ba. Tsibiran da jama'a ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Matsakaicin tsayin ƙasar a kan teku kimanin mita 1.5 ne, abin da ya sa ta zama ƙasa mafi kwari a duniya.

Murjani ne ya gina tsibiran. Murjani ƙananan dabbobi ne da ke zaune a tare da yawa, kowace tana gina wa kanta gida na farin dutse. Idan suka mutu sai wasu su yi gini a kan gidajensu, har a samu tudu mai girma bayan dubban shekaru. A shekarar 1842 Charles Darwin ya bayyana cewa irin waɗannan zobba suna samuwa ne idan tsaunin da ke tsakiya ya nutse a hankali, murjanin da ke kewaye da shi kuma ya ci gaba da tasowa sama don neman haske.

Masu nutso suna amfani da kalmomin Dhivehi wajen rarrabe wurare. Kandu shi ne mashigin da ruwan teku ke bi ya shiga cikin zobe, kuma a nan igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Thila tudun murjani ne da ƙololuwarsa ke can ƙasa da saman ruwa. Giri ya yi kama da shi, sai dai kansa ya kusa fitowa fili, shi ya sa ya dace da masu koyo. Faru kuwa doguwar katangar murjani ce da ke taɓa saman ruwa.

Tarihi

Tun kafin zuwan baƙi mutanen tsibiran sun dogara da teku, suna kamun kifin tuna da tattara wuri, wanda aka yi ta fatauci da shi a matsayin kuɗi har zuwa Afirka ta Yamma, ciki har da ƙasar Hausa. Nutso na zamani ya samu ne bayan Jacques Cousteau da Émile Gagnan sun ƙera na'urar numfashi ta Aqua-Lung a Faransa a shekarar 1943. Tsakanin 1957 da 1958 masanin teku ɗan Ostiriya, Hans Hass, ya jagoranci tawagar bincike zuwa Maldives a jirgin ruwa mai suna Xarifa.

Yawon buɗe ido ya fara a shekarar 1972, shekara bakwai bayan samun 'yancin kai daga Birtaniya. A farkon shekarar wani ɗan Italiya, George Corbin, ya kawo rukunin baƙi na farko, kuma a watan Oktoba aka buɗe masauƙin Kurumba kusa da Malé, babban birnin ƙasar. Masauƙin Bandos ya biyo baya a ƙarshen shekarar. Baƙin farko sun riƙa harbin kifi da bindigar mashi, amma daga baya aka hana. Shekaru da dama tsarin gwamnati shi ne tsibiri ɗaya masauƙi ɗaya, nesa da garuruwan jama'a. A shekarar 2009 aka ba da izinin buɗe ƙananan gidajen baƙi a tsibiran da mutane ke zaune, kamar Maafushi, wanda ya rage tsadar ziyara. Adadin baƙi ya kai kimanin miliyan 1.7 a shekarar 2019, ya kuma haura miliyan 2 a shekarar 2024.

Iyon bututu

Kayan iyon bututu uku ne: gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun numfashi, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Wanda bai ƙware a iyo ba yakan ƙara da rigar da ke hana nutsewa. Ba a buƙatar takardar shaida, kuma ana iya koyo cikin ɗan lokaci. Tsibirai da yawa suna da murjanin da ke kewaye da su kusa da gaɓa, wanda ake isa da iyo ba sai an hau jirgi ba. Da yake murjani ya fi bunƙasa inda hasken rana ke isa, mai iyon bututu yana ganin launuka da ƙananan kifaye masu yawa a zurfin da bai wuce 'yan mitoci ba.

Nutson sikuba

Mai nutso yana goya tulun ƙarfe da aka cusa wa iska da ƙarfi, yawanci har zuwa ma'aunin bar 200. Iskar ita ce dai wadda ake shaƙa a tudu, kimanin kashi 21 cikin 100 oksijin da kashi 78 naitirojin. Wata na'ura da ake kamawa a baki tana rage ƙarfin iskar ta daidaita shi da matsin ruwan da ke kewaye. Sauran kayan sun haɗa da rigar da ake hura wa iska don daidaita nauyi, da dalma da ake ɗaurawa a ƙugu, da ƙaramar kwamfuta ta hannu mai nuna zurfi da lokaci.

Matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya ɗaya a kowace mita 10. A zurfin mita 30 matsin ya ninka na saman ruwa sau huɗu, saboda haka iskar tulu tana ƙarewa da sauri sau huɗu. Ƙungiyoyin horarwa irin su PADI, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 1966, da SSI suna ba da takardar shaida bayan horo na kwana uku zuwa huɗu. Mai takardar farko ba ya wuce mita 18, mai ta gaba kuma yana kaiwa mita 30. Dokar Maldives ta tsayar da iyakar nutson shaƙatawa a mita 30.

Ana kai masu nutso wurare da dhoni, kwale-kwalen gargajiya na ƙasar da aka sa wa inji. Akwai kuma manyan jiragen da baƙi ke kwana a ciki na mako ɗaya ko fiye, suna zagaya zobba masu nisa.

Lokutan shekara

Zafin ruwan yana tsakanin digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas kusan duk shekara. Iskoki biyu ne ke juya yanayi. Iruvai tana kaɗawa daga arewa maso gabas tun daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin rani da kwanciyar teku. Hulhangu tana kaɗawa daga kudu maso yamma tun daga Mayu zuwa Nuwamba, da ruwan sama da raƙuman ruwa. Igiyar teku tana bin iskar. A gefen zoben da igiya ke shigowa ruwa yakan yi garau, a ɗaya gefen kuma yakan ɗan gurɓace da ƙananan halittun da ake kira filankiton. Manta da sauran masu cin filankiton suna taruwa a gefen yamma a lokacin iruvai, su koma gefen gabas a lokacin hulhangu.

Halittu da fitattun wurare

An ƙidaya nau'o'in kifi fiye da 1,000 da na murjani kimanin 200 a ruwan ƙasar, ban da kunkurun teku da kifin dolfin.

Hanifaru wani ƙaramin lungun ruwa ne a gabashin zoben Baa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren kare halittu a shekarar 2011. A lokacin hulhangu igiya tana tara filankiton a cikinsa, har manta fiye da 100 kan taru suna kiwo lokaci guda. An hana nutson sikuba a wurin, iyon bututu kawai ake yi, kuma jami'ai suna ƙayyade yawan mutane da tsawon lokacin da za su yi a ruwa. Masu bincike suna gane kowace manta da ɗigon da ke cikinta, kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa.

Kudancin zoben Ari, wanda aka keɓe a shekarar 2009, ya shahara da shak mai ɗigo-ɗigo, Rhincodon typus, kifi mafi girma a duniya. Ba ya cutar da mutum, domin filankiton da ƙananan kifaye yake ci. Ana ganin sa a can duk shekara, kuma yawancin waɗanda ake gani maza ne da ba su gama girma ba. Tsibirin Fuvahmulah da ke kudu da layin ikwaita an san shi da shak mai zane irin na damisa.

Akwai kuma jiragen ruwa da suka nutse. Maldive Victory jirgin dakon kaya ne da ya bugi murjani ya nutse kusa da tsibirin Hulhulé a watan Fabrairun 1981. British Loyalty jirgin dakon mai ne da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harba a zoben Addu a shekarar 1944, aka kuma nutsar da shi da gangan a shekarar 1946. Murjani ya lulluɓe su, kifaye sun mai da su gida.

Haɗura da kariya

Babban haɗarin nutso shi ne ciwon kumfar jini. A ƙarƙashin matsi, naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da gaggawa sai ya koma kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an buɗe shi, ya jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Don haka ake tasowa a hankali, a dakata minti uku a zurfin mita 5. Riƙe numfashi yayin tasowa yana iya yaga huhu, domin iskar da ke ciki tana kumbura idan matsi ya ragu. Cibiyoyin nutso suna hana baƙo shiga jirgin sama sai bayan awa 24 da nutsonsa na ƙarshe. Ana jinyar masu ciwon a ɗakin matsin iska, kuma akwai irinsa a tsibiran Bandos da Kuramathi.

Igiya mai ƙarfi a mashigai tana iya janye mutum nesa da jirgi, shi ya sa ba a nutso sai mutum biyu-biyu, kowa da balan-balan mai launi da yake saki sama don a gan shi. Masu iyon bututu ma suna rasa rayukansu, galibi saboda igiya, ko gajiya, ko ciwon zuciya, musamman waɗanda suka shiga ruwa su kaɗai.

Barazana ga murjani

A jikin murjani akwai ƙananan tsirrai da ke ba shi launi da yawancin abincinsa. Idan zafin ruwa ya haura yadda aka saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai murjani ya kore su ya koma fari fat. In zafin ya daɗe, ya mutu. A shekarar 1998 yanayin El Niño ya kashe mafi yawan murjanin da ke ruwa marar zurfi a ƙasar. Ya ɗauki fiye da shekara goma yana farfaɗowa, sai aka sake samun irin haka a shekarar 2016, da kuma 2024.

Ayyukan mutane ma suna da nasu kaso. An daɗe ana fasa murjani don ginin gidaje kafin a hana. Yashe ƙasan teku don faɗaɗa tsibirai yana tayar da laka da ke rufe murjani, shara kuma tana taruwa a tsibirin Thilafushi tun shekarar 1992. Baƙi suna karya rassan murjani da takalmansu, cunkoson jirage kuma yana raunata manyan kifaye da farfela. Asarar murjani ba ta tsaya ga yawon buɗe ido ba, domin shi ne katangar da ke karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su isa gaɓa, kuma a cikinsa masunta ke samun ƙananan kifayen da suke yin tarkon tuna da su.

Gwamnati ta keɓe wuraren nutso 15 a shekarar 1995, ta kuma haramta kamun shak a shekarar 2010. A ranar 17 ga Oktoba, 2009, shugaban ƙasa Mohamed Nasheed da ministocinsa sun yi zaman majalisa a ƙarƙashin ruwa sanye da kayan nutso, inda suka sa hannu a takardar kira ga ƙasashen duniya su rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi, gabanin taron Copenhagen na watan Disambar shekarar.

Dokoki da al'ada

Maldives ƙasar Musulmi ce tun ƙarni na 12. A tsibiran da jama'a ke zaune an haramta giya, kuma ana buƙatar baƙi su sa sutura ta mutunci, sai a gaɓar da aka keɓe musu. Doka ta hana cire murjani ko fita da shi daga ƙasar, haka nan kama kunkurun teku da manta. Jagororin nutso, waɗanda da yawansu 'yan ƙasar ne, suna gargaɗin baƙi kada su taɓa dabbobi, kada su tsaya a kan murjani, kuma su bar tazarar mita 3 zuwa 4 tsakaninsu da manyan kifaye.