Tsohon Nowel: daga waliyyin Mira zuwa Kaka Sanyi

Ranar 23 ga Disamba 1951, a birnin Dijon na ƙasar Faransa, aka rataye mutum-mutumin Père Noël a gaban babbar majami'a, aka cinna masa wuta yara suna kallo. Limaman Katolika da suka goyi bayan hukuncin sun zarge shi da mai da sallar haihuwar Annabi Isa bikin arna. Zancen ya yi tsamari har masanin al'adu Claude Lévi-Strauss ya rubuta maƙala a kansa a 1952. Abin mamaki shi ne wanda aka ƙone ɗin, idan aka bi salsalarsa, waliyyin majami'a ne.

Sunansa Nikola, babban limamin garin Mira, a kudancin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Labarin da ya ɗaukaka shi kuwa duk uban da ya taɓa aurar da ɗiya zai fahimce shi. Wani mutum ne talauci ya kama, yana da ƴammata uku, ba shi da dukiyar da al'adarsu ta ɗora wa uban amarya, kamar yadda kayan ɗaki da gara ke kan iyaye a ƙasar Hausa. Ba aure, sai hanyar lalacewa. Nikola ya riƙa zuwa cikin dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga, don kada a san mai bayarwa, kada kuma uban ya ji kunya. Daga nan kyautar dare ta samo asali, wadda ake wayar gari a tarar, babu wanda za a yi wa godiya. A 1087 ƴan jirgin ruwa suka kwashe ƙasusuwansa zuwa Bari a Italiya, sunansa ya ƙara bazuwa a Turai, ranar 6 ga Disamba ta zama ranar yara.

Gyaran addini na ƙarni na 16 ya so ya kau da shi. Martin Luther, wanda bai yarda da neman ceton waliyyai ba, ya karkata kyautar zuwa daren Nowel, a ce Almasihu ne mai bayarwa. Daga nan Jamusawa suka sami Christkind, wato Jariri Almasihu. Amma mutanen Holand, duk da yawan ƴan Furotesta a cikinsu, ba su saki Sinterklaas ba, kuma wannan suna ne ya rikiɗa ya zama Santa Claus a Amurka. Washington Irving ya farfaɗo da shi a littafinsa na tarihin New York a 1809, wata waƙa da aka buga a 1823 ta ba shi amalanke da barewar ƙasar ƙanƙara, Thomas Nast ya fara zana shi a 1863. Ana yawan cewa kamfanin Coca-Cola ne ya sa masa jar riga. Tallarsa ta 1931 ta dai yaɗa siffar, amma jar rigar ta riga ta.

Ba duk masu rabon kyautar ba ne suka fito daga majami'a. Romawa suna musayar kyauta a bikin Saturnalia, mai farawa 17 ga Disamba, da kuma farkon Janairu. Kyautar sabuwar shekara suna kiranta strenae, kalmar da ta haifi étrennes ta Faransanci. A Italiya tsohuwa ce, Befana, ke zuwa bisa tsintsiya daren 5 ga Janairu. Sunanta gurɓataccen lafazi ne na Epifania, amma kamanninta na tatsuniyar ƙauye ne. A Sipaniya sarakunan gabas uku ne ke kawo kaya. A tsaunukan Alfa kuwa Nikola yana tafe da Krampus mai ƙaho, a Loren da Père Fouettard mai bulala, domin iyaye ba su taɓa raba lada da tsoratarwa ba. Masu danganta Santa Claus da gunkin Odin suna dogara ne da kamar gemu da doki, kama kuwa ba hujja ba ce a tarihi.

Labarin Rasha ya fi kowane nuna yadda mulki ke shiga gonar yara. Ded Moroz, wato Kaka Sanyi, ruhin hunturu ne a tatsuniyoyin Silabawa, mai daskarar da mara ladabi, kafin marubutan ƙarni na 19 su tausasa halinsa. Gwamnatin Sobiyet ta hana bikin Nowel a ƙarshen shekarun 1920, tana ganinsa kayan limamai. A Disamba 1935 wasiƙar Pavel Postyshev a jaridar Pravda ta nemi a dawo wa yara da itacen biki, amma a sabuwar shekara. Kaka Sanyi ya dawo ba da gicciye ba, tare da jikanyarsa Snegurochka, kuma har yau daren 31 ga Disamba yake rabon kayansa.