Daga Faifai Mai Juyawa Zuwa Tsohon SSD

Duk wanda ya taɓa zaman jiran buga takarda a shagunan kwamfuta na Keffi shekaru goma sha biyar da suka wuce ba zai manta da ƙarar had-dis ba. Mai shago ya kunna kwamfutar tebur, ya fita ya tayar da janareta, ya dawo, ita kuwa tana nan tana ƙas-ƙas. Faifai ne na gaske yake juyawa a ciki, da ɗan hannu mai karanta shi, fasahar da IBM ya fito da ita tun 1956. Da wannan jinkiri ɗalibai da yawa na Jami'ar Jihar Nasarawa suka buga ayyukan kammala karatunsu.

A can Japan kuwa, Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya riga ya ƙirƙiro ma'adanar filas a shekarun 1980. A 1991 SanDisk ya yi wa IBM na'urar ajiya ta filas, wato SSD, mai megabayit 20 wadda babu abin da ke motsi a cikinta, farashinta kusan dala 1,000. Sai wajen 2008, da Intel ya fitar da X25-M, SSD ya fara shiga hannun jama'a. Mu nan ta gwanjo ya iso mana, cikin laftof na hannu da ake saukewa a Ikeja, su biyo Banex a Abuja, har su ƙaraso Gitata.

Yanzu waɗannan laftof suna mutuwa, allo ya fashe ko caji ya ƙone su, amma SSD ɗin cikinsu na nan da ransa. Na ga wani mai gyara ya zaro ɗaya, bai kai tafin hannu ba, ya hure ƙurar hunturu, ya soka masa wayar SATA a tsohuwar kwamfutar tebur. Kafin ya gyara zama ta buɗe. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin kuɗin sabuwar kwamfuta ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago.

Sai dai SSD yana da iyakar rubutu. Samsung 860 EVO mai gigabayit 250, alal misali, terabayit 150 kamfanin ya lamunce masa. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna nawa aka ci daga ciki. Had-dis yakan yi kuka kafin ya mutu. SSD sau da yawa dare ɗaya yake tafiya, kuma yawan ɗauke wuta ba ya yi masa daɗi. Wanda ya tsufa, in aka jefa shi a durowa cikin zafin bazara ba wuta, sannu a hankali yakan fara zubar da abin da ke cikinsa.

Don haka, ɗan'uwa mai shago a Gitata, ka duba lafiyarsa, ka goge shi tas, ka ɗora masa Windows da manhajojin aiki. Amma takardun fili da sakamakon jarrabawar mutane, ka ajiye kwafinsu a wani wuri dabam.