Sunayen da Ke Kan Duwatsun Osu



A unguwar Osu cikin birnin Ankara, ba nisa da babban filin wasa, akwai maƙabartar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu wadda Turawa ke kira Kiristiyansbog. Kaburbura ne sama da 400 a jere sahu-sahu, ciyawa a gyare, furanni a shuke, kai ka ce lambun sarki ne. A nan ake taron tunawa da mazan jiya kowace ranar 11 ga Nuwamba. Sauran kwanakin shekara kuwa sai 'yan yawon buɗe ido, su zaga, su ɗauki hoto, su wuce bakin teku. Mu da muke kwana muna tashi a Nima da Sabon Zango, da wuya ka sami ɗaya cikinmu da ya taɓa leƙa wurin, alhali mun fi baƙin nan dalilin zuwa.

Aikin soja a ƙasar nan da harshenmu ya fara. Kyaftin Gulba ya tara rundunarsa ta Hausawa a Ikko a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, sannan ya zo da su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga wannan tushe aka sami rundunar 'yan sandan Hausa a 1879, wadda ta koma rundunar soja a 1901. Hausa ta zama harshen bariki, har Bafarafare da Badagare da Bamoshe suka riƙa karɓar umarni da ita. A Yaƙi na Biyu mutum kimanin 65,000 ne suka sa kaki daga ƙasar nan. Wasu sun yi Habasha, wasu sun yi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, kuma sunayen barikokinmu na yau, Bama Kam a Ankara da Miyohon a Takoradi, daga can aka ɗauko su.

Sai dai wanda ya je Osu neman waɗanda suka faɗi a dajin Bama ba zai same su ba. Na Osu a nan gida ajali ya riske su, wasu da ciwo, wasu da haɗari, tare da Turawa matuƙan jirgin sama. Tun daga 1940 ana harhaɗa jirage a Takoradi, a bi da su ta Kano da Maiduguri da Alfashir da Hartum har Alƙahira, kusan hanyar da alhazanmu suka sha takawa da ƙafa. Na Bama kuwa can ƙasa ta rufe su, kuma a maƙabartar Taukkiyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda aka rubuta sunayen. Akawun bariki ba ruwansa da sunan uba, balle na kaka. Ya tambayi mutum sunansa, sai ya liƙa masa garinsu ko ƙabilarsu ya wuce: in Musa ne daga Kano ya zama Musa Kano, in Bazabarme ne haka za a rubuta. Ko sojan nan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙi na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, da Alhaji Gurunshi tarihi ya san shi, wato da sunan ƙabila. Mu kuwa mutane ne masu riƙon salsala, wane ɗan wane jikan wane. To yaya jika zai gane kakansa a cikin Musa goma? Wasu ma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, don kada labari ya kai gida.

Kuma ba a banza suka ɓoye ba. A zangunanmu na da, ba a ɗauki aikin sojan Nasara abin alfahari ba. Malamai da fatake su ne masu daraja, soja kuwa a gefen tabarma yake zama. Shi ya sa gidajen da suka adana tarihin malamansu baki da baki suka bar na sojojinsu ya zube. A ganinmu iyayenmu suna da hujja wajen ƙin mulkin mallaka, amma hujjar ba ta kai ga a hana mamaci addu'ar jikokinsa ba. Waɗannan tsoffin sojojin ne fa suka yi tattaki zuwa fadar Gwamna ranar 28 ga Fabrairun 1948 neman haƙƙinsu, aka harbe uku a mararrabar Osu, Saje Ajete da Kofur Atipo da Odate Lamte, abin da ya gaggauta samun 'yancin 1957. Su ma Turawan, a 2021 hukumar da ke kula da waɗannan maƙabartu ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na Yaƙi na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Saboda haka wanda zai je, ba laifi ya ɗauki hotonsa, amma ya shiga da sallama irin ta masu ziyarar kaburbura, ya rage murya, ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kada ya tsaya kan kaburbura kaɗai, domin akwai allunan tunawa masu sunayen wasu sama da 400 da aka binne a wuraren da ba a iya kula da su ba. Kafin ya tashi daga gida kuma ya tambayi tsofaffi ko akwai takardar soja a ƙasan akwati, ko wata wasiƙa da ta zo daga bariki. Lambar soja ita ce ba ta rikicewa, tana jikin takardar, tana kuma cikin rajistar hukumar a intanet, wadda ake dubawa kyauta.